Mashin Ya Ƙi Tashi a Ƙofar Gwaggo

Su uku ne a gidan nan na bayan kasuwar Mahuta, kuma babu namiji a cikinsu. Akwai Gwaggo, tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Akwai Najiba, 'yar ƙaninta da ta riƙe tun daga yaye, wadda ta dawo gida da zawarci tun ƙuruciyarta ba ta gama wucewa ba. Sai Sadiya, 'yar Najiba, mai shekara bakwai.

Ba abinci suka rasa ba. Akwai 'yar gona a bayan gari, Najiba kuma tana ɗinki. Abin da suka rasa shi ne mai tsaya musu. Gidan da babu namiji, kowa yana da ta cewa a kansa.

Mijin Najiba, Kamalu, ya rasu daminar da ta wuce waccan. Ya taso daga kasuwar Funtua da yamma, 'yan bindiga suka tare shi inda masara ta rufe hanya. Suka tafi da mashin ɗinsa, aka kawo gawarsa a bayan motar hatsi. Sadiya tana wasa a ƙofar gida lokacin da aka sauke shi. Tun daga nan take firgita cikin barci. Shi ya sa ƙanin marigayin, Zaharaddeen, mai shagon taki da maganin feshi, yake karɓo mata rubutu wajen malaminsu, ya kawo a 'yar gorar roba, a ba ta ta sha kafin ta kwanta.

Ba rubutun kaɗai ke kawo shi ba. Tun da Najiba ta fita takaba ya ce yana so ya maye gurbin wansa. Ta ce ta gode, amma kallon ƙane take yi masa.

"To, ki auri wanda kika ga dama," in ji shi. "Sai dai ki sani, jininmu ba zai yi zaman agola a gidan wani ba sai da yardarmu. Ranar da na ga abin da bai yi min ba game da yarinyar nan, a ranar zan ɗauke ta."

Wanda ta ga dama shi ne Murtala, ma'aikacin kamfanin gurzar auduga a Funtua, saurayin da bai taɓa aure ba. Ya ce zai aure ta, zai riƙe Sadiya kamar shi ya haife ta. Mahaifiyarsa ce ta ƙi. Ta ji a bakin mata cewa farar ƙafa ce da Najiba, duk wanda ya aure ta sai abin hannunsa ya tsiyaye, ko shi kansa ya bi. Makon jiya kuwa, da Murtala ya baro Mahuta, mashin ɗinsa ya yi ta tari a hanya har ya kusa kwanan daji. Da labari ya kai mata sai ta ce, "Ka gani ko? Tun ba a ɗaura ba."

Da ƙyar ta yarda ta turo wanta, Kawu Jibo. Ta ce ya je ya gano mata da idonsa, abin da ya faɗa shi ke nan.

Ranar Asabar bayan azahar suka iso. Murtala ya kafe mashin a inuwar katanga, suka shiga zaure. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma ta zauna daga gefe. Najiba ta kawo dambun masara da zogale, ta durƙusa ta gaishe su, ta koma bayan ƙofar cikin gida ta tsuguna, kunnenta a jikin langalanga.

Kawu Jibo dattijo ne mai fara'a, manomin auduga daga wajen Malumfashi. Ya ci dambu sosai. Ya tsokani Gwaggo, ya ce in yaron nan ya kasa, shi zai shigo takara amma uwar yake so. Gwaggo ta ce ya fara sayo haƙora tukuna. Aka yi dariya.

Daga nan muryarsa ta sauya.

"Hajiya, zan tambaye ki, kada ki ji haushi. An ce mana yarinyar tana da taɓin iska."

"Wane irin iska, Malam Jibo? Firgita ce ta maraici. A gabanta aka sauke ubanta."

"Allah ya jiƙansa. In firgitar barci ce, da sauƙi. Amma gidan ƙanwata gidan yawa ne, ga jikoki ƙanana. In yarinya ce mai yin abin da ba a gane kansa ba, gaskiya uwar za mu ɗauka, 'yar ta zauna a dangin ubanta. Gara in faɗa tun yanzu."

"Kawu, na yi alkawari..." Murtala ya fara.

"Ba da kai nake ba."

Gwaggo ta rantse masa cewa Sadiya ko kaza ba ta taɓa jifa ba. Kawu Jibo ya suɗe hannu ya ce, "To, ni dai ban duba ƙafarta ba, amma hannunta ya iya dambu. Zan gaya wa ƙanwata abin da na gani, kuma ban ga aibu ba."

A bayan ƙofa Najiba ta rufe baki da gyale. Hawaye suka zubo mata, masu sanyi, irin waɗanda ta daɗe ba ta yi ba.

Da aka idar da la'asar suka yi sallama. Kowa ya san ƙa'idar hanyar nan da damina: kada rana ta yi ja kana tsakanin gonaki. Najiba ta leƙo daga zaure. Murtala ya taka kik, mashin ya tashi a bugu ɗaya. Kawu ya tattare riga ya hau baya.

Ba su kai ƙarshen katangar gidan ba injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu.

Murtala ya sake taka kik. Ya sake. Babu komai sai ƙarar ƙarfe. Suka sauka, ya turo shi baya zuwa ƙofar gida.

"Tun da ka sayi mashin ɗin nan," in ji Kawu Jibo a hankali, "ya taɓa yi maka haka a Funtua?"

"A'a, Kawu."

"A Malumfashi fa, da kake zuwa wajena?"

"Bai taɓa ba."

"Sai a Mahuta."

Dattijon ya nemi dakali ya zauna, ya fito da carbi. Fara'ar da ya ci dambu da ita ta tafi.

Najiba tana nan a zaure tana leƙe. Murtala ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya tuɓe babbar riga ya rataya a madubi. Ya buɗe murfin gefe ya fito da 'yar jakar sifana. Da ya yi magana, da ƙarfi ya yi, don na kan dakali da ta cikin zaure duk su ji.

"Kawu, mashin ba aljani ba ne. Abu uku yake nema: mai, wuta, iska. In ya ƙi tashi, ɗaya ne ya yanke a ciki. Yanzu zan nuna maka wanda ya yanke, ka gani da idonka."

"Ina kallo."

Ya fara da mai. Ya girgiza mashin, aka ji motsinsa a tanki. Ya murɗe murfi ya leƙa.

"Ga shi nan fiye da rabi. Da safe na sha a gidan mai, ba na bumburutu ba ne."

Ya duba makunnin mai, a buɗe yake. Ya ja cok don injin ya ƙara jan mai, ya taka kik har zufa ta karyo masa. Shiru.

Ya koma kan wuta. Ya kwance fulogi, ya ɗora shi a jikin injin, ya taka kik a hankali. Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle a bakinsa.

"Wuta lafiya lau."

Sai dai bakin fulogin a jiƙe yake. Ya shinshina, ya ɗan ɓata fuska, ya goge da tsumma ya mayar. Ya buɗe wajen iska ya zaro soson da ke tace ƙura. A bushe yake, babu datti.

"Mai akwai, wuta akwai, iska akwai," Kawu Jibo ya ƙirga a kan carbinsa. "Saura me?"

Murtala ya mayar da soson, ya rufe wajen iska.

Kafin nan mutane sun fara taruwa. Samarin da ke zaune a gindin darbejiya suka ce a tura. Ya sa giya ta biyu, suka tura shi da gudu har bakin masallaci, ya saki kuloci. Mashin ya yi tsalle, ya yi gurnani, ya tsaya. Suka dawo da shi suna haki.

A nan ne Zaharaddeen ya iso. Ya rufe shago ya biyo taron, hularsa a karkace.

"Sannu da aiki, angon gobe. Ko a nemo muku jaki?"

"Sannu, Malam Zaharaddeen," in ji Murtala, bai ɗago ba.

Zaharaddeen ya durƙusa ya gai da Kawu Jibo da ladabi, sannan ya miƙe yana kallon mashin, yana girgiza kai.

"Kamar yau nake gani. Yaya Kamalu ma da sabon mashin ya fara zuwa ƙofar nan."

"Ka ji tsoron Allah, Zaharaddeen," muryar Gwaggo ta fito daga zaure. "Gawar ɗan'uwanka kake talla da ita?"

"Ni me na ce, Gwaggo? Tarihi na bayar."

Najiba ta ga yatsun Kawu Jibo sun tsaya a kan carbi. Ta dubi sama. Rana ta fara sunkuyawa bayan rumfunan kasuwa. A ranta ta ce, ya Allah, ko mene ne, ka sa ya zama abin da ake gani da ido.

Murtala ya tsuguna a gefen injin ya daɗe yana kallonsa. Can ya juyo wajen zaure.

"A ba ni kwano. Fari, in akwai."

Ta ɗauko farar tasar da suke shan fura, ta gyara lulluɓi ta fito. Da ta sunkuya za ta ajiye, ya yi ƙasa da murya.

"Kwantar da hankalinki. Fulogin nan ba warin mai kaɗai yake ba. Ina jin ruwa ne. In ruwa ne, magana ta ƙare."

"In ba shi ba ne fa, Malam?"

"Sai in kwance shi noti-noti a gaban Kawu har in samo."

Ya sa tasar a ƙarƙashin kafireta, inda mai ke taruwa kafin ya shiga injin. Ya ɗauki sukundireba ya sassauta 'yar kusar da ke gindinta. Abu ya fara ɗiga, sannan ya zubo.

"Alhamdu lillahi." Murtala ya miƙe da tasar, fuskarsa ta washe. "Kawu, duba. Ga mai ya taso sama, ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ya sa ban gan shi a tanki ba. Shi injin yake sha. Ba ƙafar kowa ba ce, ruwa ne."

Kawu Jibo ya karɓi tasar ya karkata ta wajen haske. Ya daɗe yana kallo.

"Ruwan garin nan baƙi ne?"

Sai a lokacin Murtala ya duba da kyau. Abin da ya kwanta a gindin farar tasar baƙi ne wuluk.

"Tsatsar tanki ce, wataƙila."

"Tsatsa ja ce, ɗana."

Dattijon ya tsiyaye man da ke sama, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Ya tofar.

"Tawada ce. Har da danƙon ƙaro. Na yi karatun allo kafin a haifi ubanka. Wannan rubutu ne aka wanke aka ɗura maka a tanki." Ya dubi Murtala. "Murfin ba ya kulluwa?"

"Makullinsa ya lalace tun bara. Murɗawa kawai ake yi."

Surutu ya tashi a cikin taron. Wani ya ce asiri. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta ce a'uzu billahi, ta ja da baya.

Najiba ba ta ji su ba. Wata magana ce ta dawo mata, ta kwanakin baya, tana kitse wa 'yarta kai. Yarinyar ta ce, Umma, rubutu yana tsare mutum daga masu bindiga? Ita kuma ta ce, da yardar Allah yana tsare komai, gyara kanki.

Ta waiwaya a hankali. Sadiya tana tsaye a bakin zaure, rabin jikinta a ɓoye, hannayenta biyu a baya. Gaban rigarta da ɗigon baƙi.

Ba ita kaɗai ta waiwaya ba.

"Ikon Allah," in ji Zaharaddeen. "Jiya-jiyan nan na kawo gora cike. Sadiya, zo nan wajen Baffa. Ɗauko min gorar rubutunki mu gani."

Yarinyar ba ta motsa ba. Idonta yana kan uwarta.

Kawu Jibo ya juya gaba ɗaya yana kallon yarinyar. Najiba ta ga abin da zai biyo baya kamar an shimfiɗa mata shi a tabarma. Za a kawo gora babu komai. Kawu zai ce ga abin da ya faɗa, a ɗauki uwa a bar 'ya. Zaharaddeen zai ce dama bai yarda da riƙon ba. Kafin magariba za a ɗaure kayan Sadiya a ɗankwali.

Ta taka ta tsaya tsakaninsu da ƙofar zaure.

"Ƙyale ta. Ni na zuba."

Duk idanu suka koma kanta.

"Najiba," in ji Gwaggo. "Me kike faɗa?"

"Ni na zuba, Gwaggo. Makon jiya ma ni ce."

"Don me?" Kawu Jibo ya tambaya. Bai ɗaga murya ba.

"Na tsari ne."

"Tsari." Ya ajiye tasar a ƙasa. "'Yar nan, ba yau aka haife ni ba. Mai son tsare mutum ba shi take yi ya sha, da saninsa. Wadda ta ɓoye ta zuba a abin hawansa, so take ƙafarsa ta kasa barin ƙofarta. Mallaka ake ce masa a garinmu. Ko na yi ƙarya?"

Najiba ta sunkuyar da kai.

"Na ci abincinki," in ji shi, ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. "Allah ya tsare mu. Murtala, gyara abin nan mu bar garin nan."

Ya tashi ya koma bakin masallaci, ya juya wa gidan baya.

Zaharaddeen ya dubi Najiba, ya dubi yarinyar, ya yi ɗan murmushi. Bai sake neman gora ba. Abin da ya samu ya fi gora.

Gwaggo ta ja Sadiya ciki. Samari suka kama mashin, Murtala ya zare tiyo ya juye duk abin da ke tanki a cikin roba. Ya bar man ya kwanta. Ya ce zai nemo mazurari, ya shiga zaure.

Najiba tana tsugune a lungu, fuskarta a cikin gyale.

"Ɗago ki dube ni."

Ba ta ɗago ba.

"Tun da muka zauna a zauren nan kina bayan ƙofar can. Ina ganin inuwar ƙafarki ta ƙarƙashi. Ba ki motsa ba har aka kira la'asar. Yaushe kika fita waje?"

"Malam, don Allah ka tafi. Rana tana faɗuwa."

"Sadiya ce."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace mata. Ta toshe baki don kada na waje su ji.

"Tsoro take ji," ta ce. "Gani take duk wanda ya hau mashin daga ƙofar nan ba zai dawo ba. Nata maganin ta hana kanta ta ba ka."

Murtala ya jingina da bango. Idonsa ya kawo ruwa.

"To, ai shi ke nan. Bari in je in gaya wa Kawu. Yana da jikoki, zai gane. Yarinya ce ta so ni, ina laifi a nan?"

"Ka ji abin da ya faɗa da bakinsa. Yarinya mai yin abin da ba a gane kansa ba. Zai ce yau tanki, gobe tukunyar miya ko rijiya. Zai ce a ɗauki uwa."

"Zan roƙe shi."

"Ka fara ɗazu, ya ce ba da kai yake ba. Ga Zaharaddeen a tsaye kamar ungulu. Kalma ɗaya yake jira."

"To, ko da an kai ta wajen kakarta, na ɗan lokaci ne. A ɗaura aure, hankali ya kwanta, ni da kaina zan je in karɓo ta."

Sai yanzu ta ɗago.

"Ka taɓa ganin dangin uba sun karɓi ɗa sun mayar? Yarinyar da in ta firgita sai ta lalubo wuyana kafin ta san inda take? In ta lalubo ta ji wayam fa, Malam? An ɗauke mata ɗaya tana kallo. In bar ta a ɗauke mata na biyu don ina son aure?"

"Kin san abin da kika ɗora wa kanki? Farar ƙafa zato ne, ana iya musunsa. Wannan da bakinki kika faɗa, a gaban gari. Gobe war haka ya kai Funtua. Inna za ta ce in na sake tako Mahuta ba ta yafe min ba. Na san ta."

"Na sani."

"Kin sani." Muryarsa ta karye. "Ni fa, Najiba? Ni babu mai tausaya min? Na yi faɗa da kowa a gidanmu saboda ke. Ɗakin da na gyara, har 'yar katifar Sadiya na saya na ajiye. Yau da bakin Kawu ya buɗe da alheri, yau za ki rufe shi da hannunki?"

"Ka yafe min."

"Ba yafiya nake nema ba. Ke nake nema."

"Kai namiji ne, Malam. Za ka ji ciwo, ka warke, a samo maka budurwa wadda babu abin faɗa a kanta. Ita ba ta da wata uwar." Ta share fuska, wasu hawayen suka biyo. "Wallahi tun da Kamalu ya tafi ban ƙara jin ni mutum ce ba sai da ka zo. Kada ka ɗauka da sauƙi na faɗi abin da na faɗa. Amma ina roƙonka abu ɗaya. In ka taɓa sona, kada sunan yarinyar nan ya fito daga bakinka. Ko ga Kawu, ko ga Inna, ko ga abokinka."

"In bar su suna kiranki mai asiri?"

"Ka bar su."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ka yi min alkawari."

Daga waje wani saurayi ya ce, Malam, man ya kwanta, a zo a tace.

"Na yi," in ji Murtala. Da ƙyar ta ji shi.

Ya ɗauki mazurarin da ke rataye a ƙusa ya fita, bai waiwayo ba.

Ta tsagar ƙofa ta ga sauran aikin. Ya tsiyaye man da ke sama ta cikin tsumma, ya bar baƙin a gindin roba. Ya ɗauraye tanki, ya wanke kafireta, ya ɗaure kusa, ya mayar da tiyo. Ya taka kik, injin ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi. Ya sake takawa, ya kama, ya tsaya daram.

Babu wanda ya yi murna. Kawu Jibo ya zo ya hau, bai yi wa kowa sallama ba. Motar hatsi ta ƙarshe tana fita daga kasuwa, suka bi bayanta don kada su shiga gonaki su kaɗai.

Taro ya watse, kowa da abin da zai kai gida. Zaharaddeen ne kaɗai ya tsaya. Ya leƙo zaure ya gai da Gwaggo.

"Ki gaya mata, ni ban ƙi ta ba ko da asirin. Na san abin da na sani, kuma na iya riƙe baki in an iya da ni. Ranar Juma'a zan turo manya."

Gwaggo ta tura ƙofa ta sa sakata.

A tsakar gida Najiba ta ɗebi ruwa ta fara wanke farar tasar. Ta sa toka ta dirje, warin mai bai fita ba. Tana cikin haka ta ji mutum a bayanta.

Sadiya ce, da gorar roba a hannu, babu ko ɗigo a ciki.

"Umma, duka na zuba masa. Wancan karon kaɗan na zuba, shi ya sa bai tsare shi a hanya ba."

"Na sani."

"Ba za ki dake ni ba?"

"A'a."

"Me ya sa kika ce ke ce?"

Najiba ta ajiye tasar. Ta karɓi gorar ta ajiye a gefe, ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinya, abin da ba ta saba yi a gaban Gwaggo ba saboda kunyar 'yar fari. Ta fara kwance mata rigar da ta ɓaci.

"Daga yau, kowa ya tambaye ki, ba ki san komai ba. Ko Baffa ne. Kin ji?"

"Na ji. Kawu Murtala zai zo ran Asabar?"

Uwar ta kifa fuskarta a kan kitson yarinyar, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta juya ta shiga madafa, ta hau hura wutar da ba ta mutu ba.

Sadiya ta yi lamo, tana jin ɗumin hawayen yana ratsa mata kai. Ba ta fahimci yawancin abin da manya suka faɗa a ƙofar gida ba. Abin da ta gane shi ne an sa uwarta ta zaɓa tsakaninta da Kawu Murtala, kuma ita aka zaɓa, shi ya sa ba zai ƙara zuwa ba.